Jan Zaren Agafja

A tashar mota ta birnin Tartu, Agafja mai albasa tana jiran motar ƙauyensu, sai wani mutum ya jingina wani zanen hoto kusa da kwandonta. Kabeji ne a cikin zanen, da kitson albasa a kan tebur.

"Kai ka zana wannan?"

"Ni ne, Iya. Gobe za a rataye shi a gidan baje kolin zane."

"Kabejin nan ko akuya ba za ta kula shi ba. Albasar fa, ina ka samo ta?"

"A kasuwa, bara, wajen wata tsohuwa mai faɗan tsiya."

Agafja ta ƙura wa ƙarshen kitson ido. Jan zare, ƙulli biyu ta hagu. Duk bakin tafkin Peipsi, inda ƙauyensu yake, ita kaɗai ke ɗauri haka, don bahaguwa ce.

"Mai faɗan tsiya, ko?"

Mutumin ya dubi kwandonta, ya ga jan zaren, ya cire hula.

"Iya, ai ni..."

Ta kwashe da dariya har da hawaye.

"Shekara hamsin ina noma ba wanda ya san ni, ga albasata ta yi suna! Ƙarfe nawa ake buɗewa? Sai na zo na gaya musu kabejin ba nawa ba ne."