Kwamfutar da Aka Yi wa Wanka

A kasuwar Alaba, inda gobara da sojoji suka kasa korata, ina zaune bakin rumfar Madam Obiageli mai tsofaffin kayan lantarki, sai ga wani mai kwat yana haki.

"Madam, ke kika sa hoton tsohuwar kwamfuta a waya? Daga Ibadan na taso."

"Oga, ga ta! Da na ji babban mutum zai zo, na sa aka wanke ta, aka fesa mata farin fenti."

"Fenti? Ai rawayar jikinta nake nema!"

"Datti ne, Oga."

"Tarihi ne! Ina kayan cikinta?"

"Ruɓaɓɓun nan? Na ba masu ƙona waya su ciri tagulla. An sa mata sababbi, yanzu har waƙa take yi."

Ya dafe kai. "Irinta kaɗai ta rage mini. Ɗaki guda na cika da tsofaffin kwamfutoci, har matata ta koma kwana a falo."

"Suna aiki?"

"Ba don aiki ake tara su ba."

"To, ga mai aiki kana kuka. Ka gaida matarka, tana haƙuri."

"Ki mayar mini da ita yadda take!"

"Ai da sauƙi. Ajiye ta bakin taga, shekara talatin za ta koma rawaya."

Ban taɓa shiga aji ba, amma na san gaskiya ta faɗa. Ni zan ga ranar, don na binne waɗanda suka fi shi ƙarfi. Shi ne dai, yadda yake hakin nan, ban tabbata zai ga ranar ba.