Barci Ya Sace Ni da Fasinja Bakwai a Mota

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ku yi mini haƙuri in yi magana a zaune, ƙafafuna har yanzu ba sa son doguwar tsayuwa.

Sunana Istifanus. A unguwar Guéma ta Parakou nake zaune, direban taksi ne ni, shekara goma sha ɗaya ina jigila tsakanin Parakou da Djougou.

A da ina alfahari da abin kunya. Ina cewa barcin awa uku ya ishe ni. In na ga direba ya shimfiɗa tabarma a tasha, sai in ce rago ne. Su sawu biyu, ni uku, wata rana huɗu. Ba rashi ne ya sa ni ba. So nake a ce na fi kowa.

Baƙin kafe ne ke riƙe da ni, sukari cokali huɗu, da ƙwayoyin nan na hana barci da ake sayarwa a bayan tasha. Ga ci! In ci sakwara a Djougou, in iso Parakou in ci shinkafa, a hanya kuma burodi da lemon kwalba. Ina ci ina jin yunwa.

Jiki ya buɗe, har tumbina yana gogar sitiyari. Mutane suna cewa, "Direba, arziki ya zo!" Ni kuwa in na taka daga mota zuwa ƙofar gida, haki nake yi.

Matata Rifkatu ta sha gaya mini. "Baban Lami, in kana barci numfashinka yana tsayawa. Zama nake ina jiran ka ja shi. Ka je asibiti."

Tsawa na daka mata. 'Ya'yana suka koyi yin shiru in na shigo. A nan majami'a ma, duk ranar da kuka gan ni kai a sunkuye lokacin wa'azi, ba addu'a nake ba. Allah ya gafarta mini!

Sai wata Talata, da rana tsaka, na taso daga Djougou da fasinja bakwai. Mun kusa Onklou. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Mari ne ya farkar da ni. Wata Hajiya 'yar kasuwa da ke zaune a gefena ce ta zabga mini shi, tana salati. Na buɗe ido, mun bar hannunmu, ga kamiyo, babbar mota, ɗauke da auduga ya nufo mu. Na finciki sitiyari, muka faɗa gonar doya.

Ba wanda ya ko ƙwarzane. Halleluya!

Wata mai goyo a kujerar baya ta rungume jaririnta. Hajiya ta fito, ta gyara mayafinta, ta dube ni ta ce, "Malam direba, in kai ka gaji da ranka, mu ba mu gaji da namu ba. Ka je gida ka kwanta."

Na durƙusa tsakanin kunyoyin doya. Ba wata doguwar addu'a na yi ba. Cewa na yi, "Ubangiji, na gaji. Ban ma san yadda ake hutawa ba. Ka koya mini." Na yi kuka kamar ba namiji ba.

Washegari Rifkatu ta raka ni asibiti. Aka auna ni, kilo ɗari da takwas. Tansiyo ya hau, wato hawan jini, ciwon sukari ma ya fara. Likita ta ce, "Awa nawa kake barci?" Da na faɗa, sai ta ajiye biro. Ta ce jikin da aka hana barci abinci da zaƙi yake ta nema, kuma ƙibar ita ke toshe mini numfashi ta ƙara ɓata barcin.

Ba dare ɗaya aka warke ba, kada in yi muku ƙarya. Makonnin farko da na bar ƙwaya, kaina kamar zai tsage. In kwanta, ido ya ƙi rufewa. Rifkatu ta ɗora hannu a kaina tana addu'a har barci ya zo. Abokan tasha suka mayar mini da kalmar da na saba jifan su da ita. Na haɗiye.

Yau shekara ɗaya da rabi. Sawu biyu nake yi, ina barcin awa bakwai. Kilo goma sha huɗu sun tafi. Har yanzu ina shan maganin tansiyo, wasu ranakun gajiyar tana nan. Amma jiya 'yata Lami ta zauna kusa da ni tana ba ni labarin makaranta, na ji shi har ƙarshe.

Na gode wa Yesu da ya tsare rayuka bakwai daga hannuna. Ɗan'uwa, in kai ma ka gaji, ka gaya masa ka gaji. Ka dogara gare shi, ka je a duba ka, ka kwanta. Duniyar tana hannunsa. Amin.