Tafkin da Astajam Ta Haƙa

DADA: Alo? Astajam? Kina ji na?

ASTAJAM: Ina ji, Dada. Ina wuni? Ya gida?

DADA: Lafiya lau. Ya Yawunde? Ya maigidan naki?

ASTAJAM: Duk lafiya. Ya ƙafar taki?

DADA: Da sauƙi. Ya aiki? Har yanzu taswirar nan kike yi?

ASTAJAM: Ita dai. Dada, muryarki wani iri. Me ya faru?

DADA: Ba komai. Masu haƙa rijiyar burtsatse ne suka zo daga Garwa, suka haƙa wa maƙwabta, mu suka tsallake mu. Jauro, mai garinmu, ya bi su a babur har bakin titi. Suka buɗe masa kwamfuta, wai garinmu Wendu-Jabbe tafki ne, shuɗi shar, ba ma bukatar rijiya.

ASTAJAM: Innalillahi...

DADA: Me? Ɗaga murya, layin yana yankewa!

ASTAJAM: Na ce a ofishinmu aka haɗa jerin garuruwan da ke cikin kwamfutar.

DADA: Ni za ki gaya wa? Ba ni na bi gida-gida ina cika baki 'yata ce ke zuba garuruwa a kwamfuta ba?

ASTAJAM: Ai ba da hannu muke yi ba, sunaye dubu arba'in ne. Inji ke karantawa. Ya ga "mayo" ya sa kogi, ya ga "hosere" ya sa dutse, ya ga "wendu" ya sa tafki.

DADA: Tafkin da ya ƙafe tun ina goyon yayanki? Shi injin bai tambayi kowa ba?

ASTAJAM: Ba ya tambaya.

DADA: Ke fa? Ke da kika girma da jarka a kai, kina tafe kina kuka?

ASTAJAM: Wallahi ban duba namu ba.

DADA: Kwana biyu ban runtsa ba. Jiya Goggo Hurera ta shigo min da ƙwarya, wai in sam mata kifin 'yata. A gidan suna kuwa ina shiga sai "ga uwar mai tafki!" Dariya kike yi?

ASTAJAM: Tari ne, Dada. Za a gyara. Zan rubuta, shugabanmu ya sa hannu, nan da wata uku...

DADA: Ran Jumma'a motar haƙan za ta bar yankin.

ASTAJAM: Jibi fa ke nan!

DADA: Shi ya sa. Ni aji huɗu na yi, amma na iya rubuta lamba. Mu talatin da biyu ne a adashi, kowacce na ba ta taki. Jauro ya ce shi bayan sallar asuba zai riƙa kira.

ASTAJAM: Haba Dada! To yau zan gyara da hannuna, in kira injiniyan masu haƙa rijiyar. Ki hana su! Tsaya, ga wani kira yana shigowa.

DADA: Goggo Hurera ce, ga ta gefena tana dannawa. Ki gaishe ta da kyau, da ƙwaryar ta dawo. Ɗauka, ni katina ya ƙa...