A Bar wa Reino Tururin Ƙarshe

Mai girma shugabar wannan zama, Uwargida Marjatta Leinonen. Masu girma wakilan hukumar kula da tsofaffi ta yankinmu. Limamin cocinmu, Fasto Ilkka. Ma'aikatan jinya da suka taso daga aiki suka zo nan ko takalmi ba su sauya ba. Matasan da suka hau jirgin ƙasa tun daga birni da 'yan tutocinsu a hannu. Dattawa maza da mata, da jama'ar gari baki ɗaya, barkanku da yamma.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ina kuma godiya ga matan ƙungiyar coci da suka dafa mana kofi. Sunana Aulis Rautiainen. Yawancinku kun san ni a gidan man da ke kan hanyar tafki, inda na tsufa ina zuba muku mai kuna yi mini ƙorafin farashi kamar ni nake yanka shi. Yau ban zo don kaina ba. Na zo ne don Reino Hyvärinen, wanda ke kwance a gidan tsofaffi na ƙasan tudu, wanda gigin tsufa ya hana ya zo ya yi magana da bakinsa. Abin da za ku kaɗa ƙuri'a a kansa yau ƙarami ne a takarda: ko za a ware masa nasa lokacin shiga sauna, ɗakinmu na wankan tururi, ranar Asabar, ko za a ci gaba da tura shi cikin mata. Ina roƙon ku saurare ni a kan abubuwa uku kafin ku ɗaga hannu.

Abu na farko, ko mu su wane ne. Ni da Reino, ranar da aka haife mu ungozoma ta duba ta ce mace, aka rubuta haka, aka raɗa mana sunayen mata. Muka taso, muka tarar abin da aka rubuta dabam, abin da muka sani a ranmu dabam. Yaran nan da suka zo daga birni suna da kalma a kan wannan, suna cewa transmaskulini, wato duk wanda aka rubuta shi mace amma rayuwarsa ta fuskanci mazantaka, ko ya kai can gaba ɗaya kamar ni, ko ya tsaya a wani wuri a hanya inda ya ji numfashinsa ya daidaita. Wasu sun sha magani, wasu an yi musu aiki, wasu aski kawai suka yi suka sauya riga da suna. Kalmar tana da tsawo, har yau harshena na tuntuɓe a kanta, amma ina murna da suke da ita. A zamaninmu ba mu da kalma ko ɗaya sai waɗanda ake jifan mu da su.

Abu na biyu, ba yau muka fara ba. Ana yawan cewa wayar hannu ce ta kawo mu. Masu binciken tarihi sun tono labaran mutane da dama a ƙasashen Turai, shekaru ɗaruruwa baya, waɗanda aka haifa mata suka rayu a matsayin maza, a jiragen ruwa, a rundunonin soja, a gonakin haya. Ba zan yi muku ƙarya in ce dukansu irinmu ne ba. Wasu yunwa ce ta sa su wando, domin ladan namiji ya fi na mace. Amma akwai waɗanda yaƙi ya ƙare, jirgi ya dawo gaɓa, babu sauran riba a cikin abin, suka ci gaba da zama maza har furfura. Ku lura da yadda aka san labarinsu. Ba su suka ba da shi ba. An san shi ne ranar da suka ji rauni aka yaga musu riga, ko ranar da aka kai su gaban alƙali, ko ranar da aka zo yi musu wankan gawa. Tarihinmu tarihi ne da wasu suka rubuta a lokacin da ba mu da ƙarfin riƙe rigarmu.

Ƙasarmu Finland ma tana da nata kason. Shekara da shekaru, wanda ke son hukuma ta gyara masa takardu sai likita ya shaida cewa ba ya iya haihuwa. Ni na yarda. Na kwanta aka yanka ni, na farka da lambar shaida ta maza da ɗinki a mara, kuma ba a taɓa tambayata ko ina son ɗa ba. Reino ya ƙi. Ya ce da ni, "Kai dai je ka, yaro. Ni ba ɗan maraƙi ba ne da za a dandaƙe ni kafin a sa mini lamba a kunne." Saboda haka a wurin hukuma ya zauna mace, a wurin kowa kuma ya zauna Reino. A shekarar 2023 aka soke wancan sharaɗi, aka ce yanzu mutum ya nema da kansa, ya jira wata guda, ya sake tabbatarwa. Doka mai kyau. Sai dai ta iso ne bayan Reino ya daina sanin wace shekara ake ciki, kuma ba a yarda wani ya nema wa wani. Ya jira ta tsawon rayuwarsa, ta zo ta tarar ba ya iya riƙe biro.

Abu na uku shi ne Reino kansa, kuma a nan zan ɗan daɗe, ranki ya daɗe, ki yi mini haƙuri.

Na san shi ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya tsaya shan mai da motar masu saran itace, ya dube ni ina nishi ina jan tiyo, ya ce, "Kai, wa ya koya maka ɗaure ƙirji da bandejin asibiti? So kake ka karya haƙarƙari?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya yi dariya ya ce, "Rufe bakin, sauro zai shiga. Ka zo gida ranar Lahadi, Sirkka za ta ɗinka maka rigar matse ƙirji irin tawa." Sirkka ita ce matar da ya zauna da ita har ta rasu, ba tare da an taɓa ɗaura musu aure ba. Ranar nan na fara sanin cewa irina yana iya tsufa, yana iya mallakar gida da kwalekwale da kare.

A daji ya yi aikinsa, cikin maza, a sansanonin da ake kwana goma-goma a ɗaki ɗaya. Kun san Asabar a sansani. An ajiye zarto, an hura murhu, duwatsu sun yi zafi, kowa ya tuɓe tik ya hau benci. Kun kuma san yadda muke kallon mutumin da ba ya shiga sauna da abokan aikinsa: ko ashana ba a son ranta masa. Reino sai ya ce zuciyarsa ba ta ɗaukar zafin farko, shi sai an gama, tururi ya lafa, sannan ya shiga shi kaɗai. Tsiya kuwa ya sha ta. Su ce, "Reino, me kake ɓoyewa ne, hoton tsohuwar budurwa ka zana a gindi?" Shi kuma ya ce, "Na gaji da kallon tumbinku mako guda cikin riga, ba zan ƙara da na tsirara ba." Wata Asabar shugaban ayarinsu, Kauko, ya koma ɗaukar agogonsa da ya manta a kan taga, ya buɗe ƙofa, ya ga abin da ya gani. Ya ja ƙofar ya rufe. Da aka zauna cin tsiran alade sai ya ce wa sauran, "Daga yau tururin ƙarshe na Reino ne. Wanda ya sake damun sa, ni zai dama." Bai ƙara ko kalma ba har ya mutu. Mutumin da bai gama firamare ba ne, kuma babu wanda ya ba shi horo a kan irinmu.

Haka Reino ya rayu da tururin ƙarshe, a sansani, a gidan haya, a bakin tafki. Bai taɓa zuwa wurin likita neman magani ba, gemu bai taɓa fito masa ba, amma kullum safiya sai ya shafa kumfa ya bi fuskarsa da reza.

Da ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa aka kai shi gidan tsofaffi. A can ma Asabar ranar sauna ce, kuma wannan abin alfahari ne, domin ba ma hana tsofaffinmu tururi. Amma layi biyu ne kawai, maza da farko, mata daga baya. Ma'aikata suka duba lambarsa, suka duba jikinsa lokacin sauya masa kaya, suka sa shi cikin mata. Suka rubuta tsohon sunansa a ƙofar ɗakinsa, sunan da ba zan faɗa a wannan zaure ba. Suka ɗauke rezar don kada ya yanke kansa. Gashinsa ya tofo, wata mai kirki ta kama masa shi da ɗan maƙale mai fure.

Jama'a, mutumin nan ya manta Sirkka. Ya manta karensa, ya manta yadda ake riƙe cokali. Amma duk Asabar, idan aka turo kekensa bakin ƙofar sauna ya ji muryoyin mata a ciki, sai ya kafa ƙafafunsa biyu a jikin dogaran ƙofa ya ce, "Ba layina ba ne. Ku bari su gama." Su lallashe shi, ya ƙi. Su ɗaga ƙafar, ya kai duka. Ya taɓa fasa wa wata ma'aikaciya tabarau. Aka ce tsohuwar ta cika faɗa, aka kira likita, aka ƙara mata maganin kwantar da hankali. Haka suka faɗa, haka na ji da kunnena.

Na je na yi bayani. Aka ce da ni, "Kai ɗan'uwanta ne?" Na ce a'a. "Kai ne waliyyinta a hukumance?" Na ce a'a. Aka ce to a yi haƙuri, ba za a iya tattauna lafiyar mai jinya da ni ba. Na ce ba lafiyarsa na zo tattaunawa ba, wankansa na zo. Aka ce ma'aikata sun yi kaɗan, layi biyu tsarin ya tanada, layi na uku sai hukuma ta amince. Shi ya sa kuka gan ni a gabanku da rigar da nake zuwa jana'iza da ita.

Ba na zargin yaran da ke aiki a can. Na ga yadda mutum biyu ke ɗawainiya da tsofaffi cike da baranda, na ga bayansu ya ƙage tun ba su kai talatin ba. Akwai wata a cikinsu, Tuuli, tana zaune can baya, ita ce ke yanka masa farce tana yi masa waƙa. Ba mugunta ce ta yi wa Reino wannan ba. Tsari ne ya yi masa, tsarin da aka gina da kyakkyawar niyya ba a tuna akwai irinsa ba, kuma tsari ba ya jin kunya, sai mutanen da ke zaune a kan kujerunku sun ji a madadinsa.

Na so a ce a nan jawabina ya tsaya. Da na rubuta shi makon jiya, a nan ya tsaya. Amma na je ranar Lahadin da ta wuce, Tuuli ta tare ni a baranda fuskarta cike da fara'a, ta ce, "Aulis, albishirinka! Jiya ba a yi faɗa ba ko kaɗan. Shiru aka shiga, shiru aka fito." Da zuciya ɗaya ta faɗa, tana ganin ta ba ni labari mai daɗi. Na shiga ɗakin na same shi a gaban taga, hannuwansa a kan cinya, maƙalen nan a kansa. Wata ma'aikaciya ta leƙo da kofi ta kira shi da wancan suna. Ya ɗago ya ce, "Na'am." Na durƙusa a gabansa na kama hannunsa na ce, "Reino. Reino, ni ne, yaron gidan mai." Ya dube ni, sannan ya juya a hankali ya dubi bayansa, yana neman wanda nake kira.

Talauci bai karɓe masa sunan nan ba. Dokar ƙasa ba ta karɓe ba, daji da mazajensa ba su karɓe ba, ciwon da ya cinye masa komai ma ya bar masa shi. Mu muka karɓe, da ruwan ɗumi da tawul mai tsabta.

Ranki ya daɗe, masu girma wakilai, ban sani ba ko akwai sauran Reino a cikin jikin nan da zai amfana da ƙuri'arku. Wataƙila na makara, wataƙila dukanmu mun makara. Amma Asabar tana tafe, kuma za a hura murhu. Ba na neman ku fahimci kalmar yaran birni, ba na neman ku sauya abin da kuka yi imani da shi. Ku bar masa tururin ƙarshe. Ku cire sunan da ke ƙofarsa ku sa nasa. Ku sa a kawo mai aski. Idan babu ma'aikacin da zai shiga da shi, ni zan shiga, ni zan zuba ruwa a kan duwatsu, in zauna kusa da shi in yi ta kiran sunansa, ko ya amsa ko bai amsa ba.

Allah ya ba tsofaffinmu masu jinya masu tausayi, ya ba masu jinyar ƙarfin baya da isasshen hutu. Allah ya ba shugabanninmu zuciyar da za ta ji abin da takarda ba ta faɗa ba. Allah ya raya waɗannan matasa, ya sa su tsufa a ƙasar da ta san da zamansu. Ranar da kowannenmu zai manta ko shi wane ne, Allah ya sa akwai wanda ya tuna a kusa da shi, kuma a saurare shi. Allah ya mai da kowa gida lafiya a kan wannan hanya mai santsin ƙanƙara.

Na gode.