Injin Hajiya da ke Suma Bayan Azahar

Tunkiyar Inna ce ta kai ni Kaduna. Inna ta sa aka sayar da ita, ta ƙulle min kuɗin a bakin tsumma, ta ce in tafi kar difilomata ta kwamfuta ta ruɓe a akwati. Kai Nafi'u, ajiye wayar nan, da ku nake, yara.

Na kama ɗaki a Kinkinau, gidan wani Baba Audu, mutumin da ko fanka ka kunna sai ya leƙo.

"Ɗan Katsina, iskar Allah ta ƙare ne?"

"Baba, zafi ake yi."

"Da fanka aka haife ka?"

Aiki kuwa a Doka na samu, wani ɗan ofis a saman bene, wurin Oga Sanusi mai kula da kwamfutocin shaguna. Kowace kwamfuta akwai wani abu can ƙasan cikinta da ke juya komai, wai shi "kanal". Ranar farko na ɗauka soja ne, har na gyara tsayuwa. To shi wannan abu, in ya ga ba daidai ba, da kansa yake aiko rahoto ofis, babu mai aikensa. Rahoto mai launin rawaya gargaɗi ne, injin, wato kwamfutar, na tari amma yana tafiya. Ja kuwa ya faɗi warwas ke nan. Aikina in karanta, in haɗa masu kama da juna, in gano dalili, in rufe.

Ana nan sai injin wani kantin magani a Abakpa ya sa ni gaba, na wata Hajiya Dije. Kullum bayan azahar sai rawaya, rawaya, sai ja. In ya faɗi, duk abin da aka shigar ranar ya tafi. Hajiya ta kira Oga ta wanke shi tas, shi kuma ya juyo kaina.

"Malam, in jan nan ya sake shigowa ranar Juma'a, ka san hanyar tasha."

Wallahi yara, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Da ladan ya ɗaga murya sai in duba wayata. Ina cikin sahu tana girgiza a aljihu, na san rahoto ne. Abinci ya daina shiga. Na gyara wannan daga ofis, na sabunta wancan, duk a banza. Har na fara zargin mutanen ɓoye. Ku yi ta dariya, ai ba ku ga yadda abin ke kiyaye lokaci ba, ya fi wasunku.

Gargaɗin dai kullum magana ɗaya yake: zafi. Na faɗa wa Oga, ya ce, "Wane zafi? Kantin da sanyinsa ke sa mutum mura?"

Ranar Alhamis na hau Keke Napep na tafi da kaina. Na gaida Hajiya, na zauna a benci ina kallon injin kamar mai jinya. Lafiyarsa lau. Aka kira azahar. Hajiya ta miƙe za ta shiga gida salla da cin abinci, sai ta jawo wani bargo mai kauri, ta lulluɓe injin daga sama har ƙasa, ta soke gefe da gefe.

Na ce, "Hajiya, wannan fa?"

"Ɗan nan, ana barin kayan tsada tsirara? Rediyon marigayi Alhaji a lulluɓe ya ƙare rayuwarsa, ko tari bai taɓa yi ba."

Yaya zan ce wa sa'ar uwata ita ce matsalar? Matar da Oga kansa ke tsoro? Na durƙusa.

"Ki yi haƙuri Hajiya, shi wannan ta baya yake numfashi. A ɗan jima ki sa hannu ki ji."

Ta harare ni, amma ta jira. Da ta cusa hannu ƙarƙashin bargon sai ta fizge.

"Innalillahi! Ashe ni ke dafa shi!"

Ranar Juma'a babu ja, babu rawaya. Na ci shinkafa har da ƙari, Oga ya saya min lemo.

Sai dai murna ta koma ciki. Ƙarshen wata Hajiya ta aiko cewa tunda injin ya warke, ba ta ga dalilin ci gaba da biyan kuɗin kulawa ba. Oga ya kira ni, ya kasa haɗa ido da ni.

"Ka yi ƙoƙari, Malam. Amma albashinka daga wurinta yake fitowa."

Haka na tattara ledata na kamo hanyar gida. Inna ta tare ni a tsakar gida, ta dubi ledar, ta dube ni.

"Me ka ɓata musu?"

Na ce, "Gyarawa na yi, Inna."

Ta ce a zubo min tuwo.