Tuƙin Majken

A bakin Tafkin Vänern, farkon watan Yuni, Majken tana gyara kifin salmon uku sai wani baƙo ya tsaya kusa da ita.

"Baiwar Allah, tun safe nake jan ƙugiya a bayan jirgi, ko ɗaya ban samu ba. Mene ne sirrinku?"

"Maigidana zai ce maka ƙugiyarsa ce mai ƙyalli. Ni tuƙi kawai nake yi, kullum ina shan faɗa wai na kasa miƙe hanya."

"To, ki koyi miƙewar mana."

Ta yi dariya. "Malam, sai jirgi ya yi kwana kifin nan yake cafka. Shekara talatin da gangan nake karkacewa."

"Maigidan naki ya sani?"

"Mutumin da ke goge ƙugiyarsa kamar zinariya? Rufa mini asiri, ga shi nan tafe."