Na ce su kalli babba cikin ido

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ina gaida masu sauraro.

Ni malamar Turanci ce a wata sakandare a Haɗeja. Makon jiya na koya wa ɗalibaina gaisuwar Turawa: a tsaye ake yi, a kalli babba cikin ido, don su a wajensu sunkuyar da kai alamar rashin gaskiya ce. Da bakina na ce, "Ku je ku gwada a gida." Ban faɗa musu da wa za su gwada ba.

Hadiza, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, sai ta gwada da mahaifinta. Ya dawo daga kamun kifi tare da abokansa, ba ta durƙusa ba, ta tsare shi da ido, ta gaishe shi da Turanci. Ya ce, "Au, abin da ake koya miki ke nan? To, karatun ya isa haka."

Ga jarrabawa ta matso, kujerarta babu kowa. Wallahi umarnina yarinyar nan ta bi. Gobe ni da na koyar da gaisuwa a tsaye zan je in durƙusa masa. Iyaye, don Allah me zan ce ya huce?